Sandar Inna da Furen Tumatir

Injiniya yana tsaye a gindin tankin ruwa, yana nuna wa dillalin kayan lambu agogon da ke buɗe famfo da kansa, sai ya ji ƙarar. Ƙwas, ƙwas, daga cikin rumfar leda, a hankali ba gaggawa. Ya runtse ido ya ja tsaki. Ya san ƙarar, ya kuma san mai ita. Inna ce, mahaifiyarsa, ta sake shiga da sandarta.

"Ma'aikata ne a ciki?" in ji dillali.

"Ina ma," in ji Injiniya.

Shi dai ba injiniyan takarda ba ne. Shekara ashirin da biyu ya yi yana gyaran janareto da injin ban ruwa a wani shago na bakin titi, a can sunan ya manne masa. Gwani ne, wannan ko maƙiyinsa ya sani, sai dai Allah ya ajiye masa zuciya a kusa. Mutum ne da in sifana ta suɓuce masa sai ta sha zagi kafin ya ɗauke ta. Da ya gaji da baƙin mai a farce, ya sayar da shagon da kayan aikinsa kaf, ya kafa rumfar noman zamani a filin bayan gida: ginshiƙan ƙarfe, rufin leda mai kauri, gefe da gefe raga mai ƙananan idanu wadda ko ɗan mitsitsin ƙwaro ba ya ratsawa. A ciki layi takwas ne na tumatir a buhunan shuka, tushe ɗari huɗu cif. Kowane tushe yana da igiyar da yake hawa zuwa wayar da aka ja a sama, kowane buhu yana da ɗan bakin tiyo mai ɗiga masa ruwa da narkakken taki a kan ƙa'ida. In wannan tumatir ya ƙi, babu shagon da zai koma. Ya sani, matarsa ta sani, maƙwabtan da suka yi ta ƙus-ƙus ranar da aka sauke ƙarafan ma sun sani.

Saboda haka ya kafa wa rumfar dokoki, har da allo a bakin ƙofa. Ba a shiga sai an tsoma takalmi a tasar ruwan magani. Ba a buɗe ƙofar ciki sai an rufe ta waje. Ba a taɓa shuka da hannun da ba a wanke ba. Kowa yana bi, har shi kansa. Abin da bai rubuta a allon ba, don bai taɓa zaton za a buƙata ba, shi ne ba a dukan waya da sanda.

Inna ta yi shekara arba'in tana noman lambu kafin gwiwoyinta su ce sun gaji. Yanzu ko tsakar gida ba ta ƙetarewa sai da sandarta, wata tsohuwar sanda marar nauyi wadda hannu ya goge kanta har tana sheƙi. Tun da tumatirin ya fara fure ta tsiro da wata ɗabi'a. Kullum da hantsi sai ta lallaɓa ta shiga, ta bi layi-layi, a kowane ginshiƙi ta ɗaga sanda ta ƙwanƙwasa wayar sama, duk shukar da ke rataye a jikinta ta ɗan yi rawa. Sau biyu yana yi mata magana cikin lalama, wato lalama irin tasa.

"Ɗakin nan naka ba ya numfashi," ta ce masa a karo na biyu. "Dubi, ko ganye ɗaya ba ya motsi. Fure ba ya son haka."

"Haka aka tsara shi, Inna. Iska ce ke kawo cuta."

"To," ta ce. Washegari ta koma.

Yau kuwa ga baƙo. Wannan dillali shi ke kai wa manyan shaguna da otal-otal kaya, sai da Injiniya ya yi sati biyu yana bin sa kafin ya yarda ya zo ya gani da idonsa. Suka tsoma takalma suka shiga. Ɗumi da ƙamshin ganyen tumatir suka tare su. Shuka ta wuce ƙugu, ganye kore shar, gungu uku na ƙasa sun cika da ɗanyun 'ya'ya masu sheƙi. Dillali ya buɗe baki zai yaba ke nan, can ƙarshen layi na biyar Inna ta ɗaga sanda. Ƙwas. Wata igiya ta kwance daga waya, tushe guda ya zube ƙasa da 'ya'yansa, karan ya karye a tsakiya.

Igiyar nan shi ya ɗaure ta da hannunsa, kuma ɗaurin bai yi ba. Daga baya ya gani, bai dai faɗa wa kowa ba. A lokacin kuwa idonsa ya rufe.

"Inna! Wai me na yi miki ne? Sau nawa zan faɗa? Nan ba lambun bakin rafi ba ne da za a yi ta bugun abu kamar ana korar awaki! Nan da ilimi ake aiki, da awo! Duk abin da na mallaka yana cikin ledar nan, ke kuma kullum sai kin shigo kin yi min ɓarna. In zama ne ya ishe ki, ki nemi abin yi, amma ki fita min daga rumfa. Zamaninku ya wuce, ku bar mu mu yi namu!"

Magana zarar bunu. Dillali ya sunkuyar da kai yana duban takalminsa kamar yau ya fara ganinsa. Matar Injiniya, wadda ta taho da shayin baƙo, ta tsaya cak tsakanin ƙofofi biyu da tire a hannu. Inna ta dubi ɗanta daga sama har ƙasa, irin kallon da take yi wa shukar da ta kasa gane abin da ke damunta, sannan ta juya. Layin yana da tsawo, ƙafarta kuma ba ta sauri, saboda haka sai da suka tsaya su uku suna sauraron sandarta a ƙasa har ta kai ƙofa.

Da yamma ya sayo kwaɗo ya datse rumfar, ya jefa makullin a aljihu. Da safe Inna ta haɗa kayanta a jaka ɗaya, ta sa aka kira mata mota, ta tafi gidan babbar 'yarta, wadda kowa ke kira Yaya, a can ɗaya gefen gari.

"Ka bi ta," in ji matarsa, "tun abin bai yi tsami ba."

"Ni na kore ta? Gaskiya na faɗa. In ta huce ta dawo."

"A gaban baƙo ake faɗa wa uwa gaskiya?"

"Ke ma za ki fara?"

Ta juya ta ci gaba da aikinta. Shekara goma sha tara na aure sun koya mata cewa in tukunyarsa tana tafasa ba a kai hannu.

Sati bai cika ba fure ya fara zuba. Da farko ɗaya nan ɗaya can, ya ce ai dama ba kowane fure ke zama ɗa ba. Kafin a yi haka, duk safiya sai ya tarar da ƙasan layuka ya yi rawaya. Furen zai buɗe lafiya lau, ya yi kwana uku yana kallon mutum, sannan ya bushe a wuya ya faɗi, ya bar ɗan tsinke tsirara. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne shukar ba ta nuna ciwon komai ba. Kullum ƙara tsawo take, ganye sai faɗi yake yi, haihuwar ce dai ta ce ba da ita ba.

Ya duba ma'aunin zafi, daidai. Ya auna taki, daidai. Ya kwance famfo ya wanke ya ɗaura, ya sake kwancewa don bai yarda da kansa ba. Ya bi bakin tiyo ɗari huɗu ɗaya bayan ɗaya yana ƙirga ɗigo. Daga nan sai haushin kaza ya fara huce kan dami. Ya yi faɗa da mai gidan burodin da ke bayan katanga a kan hayaƙi, alhali shekara goma hayaƙin nan wani gefe yake bi. Ya yi wa mai kawo taki tatas a waya. A cikin gida yara suka koyi tafiya da sanɗa, in sun ji motsinsa kowa ya kama littafi.

Ranar da aka cika sati biyu ya tattara busassun furanni a hankici ya nufi shagon mai iri. Shago ne ƙarami, kantoci cike da gwangwanaye, injinan feshi rataye a bango, ga manoma uku suna jiran a sallame su. Injiniya ko gaisuwa bai yi ba, ya zazzage hankicin a kan tebur.

"Ga irin da ka ce min babu kamarsa! Dubi abin da na girbe!"

Mai iri, wani dattijo mai tabarau a kan hanci, ya ɗauki fure ɗaya ya juya shi.

"Bai yi 'ya'ya ba ko kaɗan?"

"Ya yi a ƙasa, gungu uku. Daga nan ya tsaya cak."

"To ai ka wanke ni da bakinka. Iri ba ya canza shawara a tsakiyar hanya, Injiniya. In na banza ne, tun daga ƙasa zai nuna hali. Je ka duba abin da ka canza."

"Ban canza komai ba! Agogo ke ba su ruwa, agogo kuwa ba ya mantuwa!"

"To ka tambayi agogon," in ji mai iri. Ya share furannin da gefen hannu, ya dubi na gaba. "Me za a ba ka?"

Ɗaya daga cikin manoman ya yi dariya ƙasa-ƙasa. Dariyar nan ta raka Injiniya har gida, ya kuma sauke ta a kan ƙofar ɗaki, wadda ya buga har sakata ta lanƙwashe.

Matarsa ce ta kira malamar gona, ba da saninsa ba. Wannan malama ita ta koyar da su noman rumfa kafin ya fara, horon kwana biyar. Injiniya kwana uku ya yi. A rana ta uku suka yi musu a kan girman famfo, shi ne kuma mai gaskiya, sai ya yanke cewa wadda ba ta san famfo ba ba ta da sauran abin koya masa. Bai sake komawa ba.

Ta zo da hantsi a kan babur, 'yar siririya, da takalman roba a jaka. Ya tarbe ta ya haɗe girar sama da ta ƙasa, ita kuwa ko a jikinta. Ta tsoma ƙafa ta shiga, shi da matarsa suna biye. Ta duba bayan ganye, ta tona gefen buhu ta ga saiwa fara tas, ta karanta ma'aunin zafi, ta buɗe littafin da yake rubuta awon kowace rana.

"Aikinka yana da kyau," ta ce. "Na daɗe ban ga rumfa mai tsabtar wannan ba."

"To don me take zubar min da fure?"

Ta durƙusa gaban wani tushe ta fara ƙirge daga ƙasa. "Gungu na ɗaya, cike. Na biyu, cike. Na uku, cike. Na huɗu, babu. Na biyar, babu. Na shida, ga shi yana zuba." Ta matsa layi na gaba ta ƙirga, haka. Ta tsallaka can ƙarshen rumfa, haka. Ta miƙe tana kakkaɓe gwiwa.

"Tumatir kusan kowane sati yake fitar da gungu ɗaya, saboda haka jikinsa ma littafi ne. Sati uku da suka wuce an daina wani abu a rumfar nan, rana ɗaya, a duk layukan. Wa ke girgiza muku su a da?"

"Girgiza me?"

Ta dube shi ta ga da gaske yake tambaya. Ta ciro salularta, ta kifa baƙin bayanta ƙarƙashin wani sabon fure, ta ɗalli tsinken da yatsa. Wani gari rawaya mai laushi ya sauka a kai.

"Wannan garin ne ke sa fure ya zama tumatir, kuma ba ya saukowa sai an motsa furen. A fili iska ke yin aikin, da ƙudan zuma. Kai ka rufe wa iska ƙofa, ka rufe wa zuma, kuma daidai ka yi. Amma dole wani ya zama iskar. Kullum da hantsi, bayan raɓa ta bushe kafin rana ta yi zafi, a bi layi ana ɗan bubbuga wayar sama. A rana ta huɗu muka yi wannan darasin." Ta goge salular a jikin rigarta. "Wani dai ya yi muku a gungu ukun farko, kuma ya iya. Wane ne?"

Injiniya ya ji zafi ya taso masa daga wuya har kunne.

"Surukata ce," in ji matarsa. "Jiya aka cika sati uku da sa kwaɗo."

Malama ta dubi miji, ta dubi mata, ba ta ƙara tambaya ba. A bakin ƙofa tana cire takalman roba ta ce, "Waɗanda suka zuba sun zuba, ba sa dawowa. Na bakwai yana hanya. In kuka rasa shi da na takwas, bana sai dai ku girbe ganye."

Ƙarar babur ba ta gama ɓacewa ba borin kunya ya tashi.

"Don me ba ta faɗa min ba? Ta san abin da take yi, ta bar ni ina haukan kwance famfo! Ba ta da baki ne?"

"Ta faɗa," in ji matarsa.

"Yaushe?"

"Ta ce ɗakin ba ya numfashi, ta ce fure ba ya son haka. Ina tsaye a wurin. Da yake ba a rubuce ta kawo maka ba, ba ka ji ba." Ta juyo ta fuskance shi. "Ka san har bakin sandar take tsomawa a ruwan maganinka kafin ta shiga? Tsohuwar da sunkuyo ke yi wa wuya, kullum sai ta wanke hannu ta wanke sanda don kar ta karya maka doka. Kai kuma ka tsaya gaban baƙo ka ce zamaninta ya wuce. Ni da nake suruka sai da na ji kamar ƙasa ta tsage in shige."

Ya shuri bokitin da ke kusa.

Washegari da hantsi ya shiga da guntun bututun ƙarfe. Bugun waya dai, ai ba sai an je makaranta ba. Amma hannun da ya shekara ashirin da biyu yana kwance noti mai tsatsa bai san a hankali ba, ga kuma haushi cike da ciki. Bugun farko waya ta yi kuka, ɗanyun tumatir huɗu suka faɗo. Ya rage ƙarfi, ganye ko gezau. Ya ƙara, sabon furen da ake lallaɓawa ya zubo a kafaɗarsa. Kafin ya kai ƙarshen layi na biyu ya tsinka igiya ɗaya, ya zagi bututun, ya zagi wayar, ya zagi ranar da ya sayar da shagonsa. Ya tsaya yana haki. Dab da idonsa ga gungu na bakwai, ƙananan kawuna kore da suka fara tsagewa, kwana biyu ko uku su buɗe. Ya wurgar da bututun ya je ya canza riga.

Yaya ce ta buɗe masa ƙofa. Ta girme shi da shekara shida, kuma ita kaɗai ce a duniya muryarsa ba ta taɓa razanawa ba.

"A'a, manyan baƙi. Sati uku hanya ta ɓace maka, yau ka gane ta?"

"Yaya, ba faɗa na zo yi ba."

"Da ka zo da shi ma da ka samu. Shigo."

Inna tana zaune a baranda, ƙafafu miƙe kan matashi, sandar jingine a gefen kujera. Ta rame masa a ido, ko kuwa da can ne bai duba ba. Ya durƙusa ya gaishe ta. Ta amsa kamar yadda ake amsa gaisuwar maƙwabci, ta tambayi matarsa, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Ba ta tambayi rumfa ba.

A hanya ya shirya kalmomin ban haƙuri tsaf, har ya maimaita su a mota. Amma bakin da bai saba ba, da ya buɗe sai wani abu daban ya fito.

"Inna, furen nan zuba yake yi. Gungu uku sun tafi. Malamar gona ta ce abin da kike yi shi ne daidai. Na gwada da kaina, hannuna ya yi nauyi. In na bakwai ya zuba, tawa ta ƙare."

"Na sani," ta ce. "Tun da na ji ƙarar kwaɗo na san zai zuba."

"Kin sani kika yi shiru?"

"Sauke murya," in ji Yaya daga bakin ɗaki. "Nan ba rumfarka ba ce."

"Na yi magana sau biyu," in ji Inna. "A na uku aka ce zamanina ya wuce. Wanda zamaninsa ya wuce da wane baki zai yi magana?" Ta gyara matashin ƙafarta. "In tambaye ka mana. Sati uku ina nan, ba ka zo ba, ba ka aiko ba. Yau fure ya zuba, ga ka. Uwa ka zo nema, ko iska?"

Ga amsa a fili, kalma ɗaya tak. Amma Injiniya, duk abin da za a ce da shi, ba ya ƙarya, kuma ya sani sarai da tumatirin ya ci gaba da haihuwa, da yanzu yana can yana jira ta huce ta dawo da ƙafarta. Ya sunkuyar da kai yana neman yadda zai juya maganar, bai samu ba.

Inna ta gyaɗa kai. Ta ɗauki sandar ta miƙa masa.

"Ƙarfe ba ya yi, ya cika nauyi. Ka riƙe ta nan ƙasa, ka bar kan ya yi aikin. Kusa da ginshiƙi za ka buga, ba tsakiya ba. Sau biyu, kamar kana ƙwanƙwasa ƙofar wanda kake jin nauyinsa. In ganyen sama ya yi rawa 'ya'yan ƙasa ba su motsa ba, ka yi daidai."

Ya karɓa da hannu biyu, har da godiya. Ya maimaita mata bayanin don kar ya manta: nan ƙasa, kusa da ginshiƙi, sau biyu. Hankalinsa ya riga ya koma kan gungu na bakwai da hantsin gobe.

Yaya ta raka shi waje, ta jawo ƙofa a bayanta, sannan ta sauke masa.

"Kai dai an yi mai wayon banza. Ka karɓa?"

"Ai ita ta ba ni."

"Matar da ko banɗaki ba ta zuwa sai da sandar nan ta miƙa maka ita, kai kuma ka sa hannu biyu ka karɓa, har da godiya! Da cewa ka yi, 'A'a Inna, ki taho da abarki,' da yanzu mota nake nema muku. Tun ranar da ta zo jakarta a rufe take, ta hana ni zazzagewa. Ta tambaye ka da baki ka kasa amsawa, ta sake tambayar ka da sanda ka amsa."

Ya juya zai koma ciki, ta tare ƙofa da jikinta.

"Ba yau ba. Je ka yi wa tumatirinka fifita."

Ta shige ta sa sakata. Ya tsaya a titi da sandar tsohuwa a hannu, ransa yana tafasa. Ya duba hagu ya duba dama, a karon farko a rayuwarsa bai ga wanda zai sauke wa ba.

Gungu na bakwai ya kama. Na takwas ma ya kama, da na tara. Kwana uku ya yi kafin hannunsa ya koyi bugun, daga nan ya iya shi sosai, don dama gwani ne. Kwaɗon ya cire ya jefa cikin akwatin tarkace. Sau huɗu yana komawa gidan Yaya da sandar, ya kuma faɗi kalmomin da ya kasa faɗa ranar farko. Inna ta ce ta yafe, Allah ya yi masa albarka, amma ya riƙe sandar tunda yana da aiki da ita. Yaya ta saya mata wata ta ƙarfe mai roba a ƙasa. A zuwansa na huɗu ya hango jakar a saman durowa, a lanƙwashe, babu komai a ciki.

Da tumatir ya fara ja, dillali ya dawo. Da hantsi ya zo, ya tarar da Injiniya a tsakiyar layi da sanda a hannu. Ya bi rumfar yana kallo yana jinjina kai. Ƙasa cike, sama cike har kusa da waya. Amma daga ƙugu zuwa ƙirji, a jikin kowane tushe, layi takwas ba tare da togiya ba, babu komai sai kara da busassun tsinkaye.

"Kaya sun yi kyau, ba ƙarya," in ji dillali. "Amma me ya sami tsakiyar nan? Cuta ce, ko irin ne?"

Injiniya ya ji tsohon zafin ya taso masa. Ga mai iri, ga hayaƙin gidan burodi, ga malamar da ba ta san famfo ba, duk suna nan jere a kan harshensa. Ya dubi kan sandar, wurin da hannun Inna ya goge.

"Ba cuta ba ce," ya ce. "Ai kana nan aka yi. Nan ne inda na yi wa uwata tsawa."

Dillali ya sake sunkuyar da kai yana duban takalminsa. Injiniya ya ɗaga sandar ya ƙwanƙwasa waya sau biyu kusa da ginshiƙi, ya wuce na gaba.